KIWON MURJANI A CIKIN ƊAKI: KOMAWA GA TSOHUWAR SHA'AWA DA SAUYA TANKI

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai mazaunin Ingila ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Kwamitin shirya taro ya nemi kowane mai jawabi a bana ya yi magana a kan abin da yake ɗebe masa kewa idan ya tashi daga aiki. Wasu za su yi maganar noma, wasu kiwon tumaki ko tattabaru. Ni kuwa abin da nake kiwo ba ya kuka, ba ya tafiya, kuma wanda ya gan shi karon farko cewa zai yi dutse ne ko fure. Murjani nake kiwo, tare da 'yan kifayen teku, a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Na fara a tsakiyar shekarun 1990, hidimar iyali da ta aiki ta sa na ajiye, sa'annan bayan kusan shekara 20 na koma, har ta kai ni ga sauya ƙaramin tanki da babba. Abin da na tarar ya canza, da abin da na tarar yana nan daram, su ne zan gabatar muku a yau.

MENE NE MURJANI?

Kowa a nan ya san murjani, wato jan dutsen ado da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya. Na ainihin daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Wannan jan dutse ƙashin wata dabba ce ta cikin teku. Danginta suna da yawa, kuma waɗanda nake magana a kansu su ne na ruwa mai ɗumi marar zurfi, masu gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Jidda da Fot Sudan, da kuma babban jerin da ke gabashin Ostareliya mai tsawon kilomita 2,300.

Kowane reshen murjani tarin ƙananan dabbobi ne, kowace da bakinta da 'yan hannuwa kewaye da shi. Suna zuƙar kalsiyam da kabonet daga ruwa su gina ƙashinsu na farar ƙasa. A cikin namansu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita gansakukar tana amfani da haske ta haɗa abinci kamar yadda ganye yake yi, ta ciyar da mai masaukinta, shi kuma ya ba ta mafaka. Malaminmu na ilimin halittu ya koya mana irin wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, muka haddace don jarrabawa. A cikin tanki kuwa ido ne yake gani: in haske ya yi kaɗan murjani ya rame, in zafi ya yi yawa ya kori gansakukar ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu.

YADDA AKA FARO

Tara kifi a gilashi ya daɗe. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. Amma murjani mai ƙashi ya gagari masu kiwo fiye da shekara 100 bayan haka, sun ɗauka ba zai taɓa rayuwa a ɗaki ba. A shekarun 1970 ne Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Balin a Jamus suka daidaita hanyar da har gobe ake kira tsarin Balin. Ginshiƙanta su ne dutse mai rai da aka ciro daga teku da ƙwayoyin bakteriyarsa, da na'urar kumfa wadda ke tsamo ƙazanta daga ruwa kafin ta ruɓe, da haske mai ƙarfi, da ruwan farar ƙasa don mayar da kalsiyam. A shekarun 1980 wani mutumin Balin mai suna Dietrich Stüber ya raya murjani mai rassa na jinsin Akurofora har ya yaɗu, ana ta yankar rassansa ana rabawa. Wannan tsari shi na tarar sa'ad da na fara.

ABIN DA YA CANZA

Da na koma, abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne fitila. A da muna rataya fitilar halayid mai wat 250 a kan tanki, tana shan wuta, tana dafa ruwa, kuma dole a sauya ƙwanta kusan kowace shekara. Yanzu fitilun LED sun karɓe fage. Tushen wannan sauyi shi ne shuɗiyar LED mai ƙarfi da aka ƙera a Japan a farkon shekarun 1990, wadda ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel ta fizis a 2014. Shuɗin haske shi ne ya fi ratsa ruwan teku, shi ne kuma gansakukar murjani ta fi amfana da shi. Yau mutum yana iya tsara fitowar rana da faɗuwarta a tankinsa daga wayar hannu.

Na biyu, dutse. A da jirgin sama ne ke kawo dutse mai rai daga Fiji ko Indunusiya, jiƙe, cike da ƙananan halittu. Ƙasashe da dama sun taƙaita haƙarsa domin yana rushe gidan kifi. Yawancin masu kiwo yanzu da busasshen dutse suke farawa, na haƙa daga tudu ko na ƙira, su zuba masa bakteriya daga kwalba. Alheri ne ga teku, amma yana ƙara wa mai kiwo jira, domin busasshen dutse yakan ɗauki watanni kafin ya nuna.

Na uku, injinan tura ruwa sun ƙanƙance, sun rage ƙara, suna kaɗa ruwa gaba da baya kamar igiyar teku. Akwai na'urorin da ke ɗiga sinadarai daidai awo dare da rana, akwai masu aiko da gargaɗi a waya in zafi ya hau. Har mutum yana iya aika ɗan ruwan tankinsa ta gidan waya zuwa ɗakin bincike, a maido masa da lissafin sinadarai fiye da 30.

ABIN DA BAI CANZA BA

Duk da waɗannan kayan zamani, 'yan'uwa, murjani yana nan da halinsa na tun fil azal. Masu wannan harka sukan ce ruwa muke kiwo, in ruwa ya yi lafiya sauran su kiwata kansu. Ga ma'aunan da ake tsarewa, kuma ina roƙon malamanmu na kimiyyar sinadarai su gyara mini in na kauce.

Gishiri: giram 35 a kowace lita, wato nauyin ruwan ya kai 1.025 zuwa 1.026 in an gwada shi da ruwan sha. Gishirin miya ba ya yi, sai haɗaɗɗen gishirin teku mai ɗauke da sauran sinadarai. Zafi: digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Kalsiyam: wajen miligiram 420 a lita. Maganisiyam: wajen 1,300. Sai abin da nake kira ƙarfin kanwa na ruwa, wato yawan kabonet da ke hana ruwa tsami, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7 da 9 a ma'aunin Jamusawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi saurin motsi, domin murjani yana cinye shi kullum wajen gini.

Samun waɗannan lambobi rana ɗaya ba wuya. Riƙe su wata da watanni shi ne aikin. Teku yana da girman da ba ya canzawa farat ɗaya, saboda haka halittunsa ba su saba da sauyin gaggawa ba. Murjani ya fi jure lambar da ta ɗan kauce amma ta tsaya wuri ɗaya, a kan lambar da ke hawa da sauka. Alal misali, ruwa yana tashi ya bi iska kullum amma gishiri ba ya tashi, don haka abin da ya ragu da tataccen ruwa marar gishiri ake cika shi. Wanda ya cika da ruwan gishiri, cikin 'yan makonni tankinsa zai fi ƙarfin abin da ke ciki. Ruwan famfo ma ba a zuba shi kai tsaye, sai an tace shi da matatar da ke cire duk wani narkakken abu, domin ɗan burbushin tagulla daga bututu ya isa ya kashe murjani da jatan lande.

Haka kuma dokar bakteriya tana nan. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyi su mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ruwa ba ya tsami banza: duk tankin da ya lalace, in an bi sawu, za a tarar an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

DON ME AKE SAUYA TANKI?

Da na koma, da tanki mai lita 150 na fara. Murjanin ya yi girma har rassa suka fara haɗuwa, kuma in jinsi biyu suka taɓa juna faɗa suke yi, ɗaya ya harbi ɗaya har ya ƙone. Wannan ne dalili na farko na neman fili. Na biyu kuwa ya saɓa wa abin da mutane suke zato: babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙo. Kofin shayi ya fi tukunya saurin hucewa. Kifi ɗaya in ya mutu a bayan dutse cikin lita 40, gubar da zai saki ta ninka sau 10 a kan in cikin lita 400 ya mutu. Yawan ruwa yana ba mai kiwo lokacin ganin matsala kafin ta yi ɓarna.

Amma girma da nasa nauyin. Tankin da na koma yana da tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 60, wato lita 432. Ruwan kaɗai ya haura kilo 440. In an haɗa gilashi da dutse da yashi da teburi da ƙaramin tankin tacewa da ke ɓoye a ƙasa, an wuce rabin tan, a kan filin da bai kai tabarma ba. Cika shi karon farko yana cin gishiri fiye da kilo 15, kuma kowane mako ko biyu ana sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan. Wanda zai sayi babban tanki ya fara lissafa gishiri da wuta na shekara, kuɗin gilashin shi ne mafi ƙanƙanta a ciki.

RANAR ƘAURA

Nan ne wurin da ake asara, don haka zan ɗan daɗe a kai. Mutum yana iya kashe cikin yini ɗaya abin da ya raina shekara 5.

Shiri yana farawa makonni kafin ranar. A duba daɓen ɗaki ko zai ɗauki nauyin, musamman in bene ne na katako irin na gidajen Ingila. A daidaita teburin da ma'aunin magina, domin tankin da ya karkata yana matsa wa gefe ɗaya har ɗinkin gilashin ya buɗe. A cika shi da ruwa marar gishiri ya kwana biyu ko uku a ga ko yana yoyo, a kashe wuta da gangan a ga ko ruwan da zai gangaro zai cika tankin ƙasa ya malala. Sabon dutsen da za a ƙara kuwa a jiƙa shi a ruwan gishiri cikin wani mazubi daban na tsawon makonni, tare da ɗan guntun tsohon dutse, don bakteriya su kama shi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura a haɗa sabon ruwa, a tabbata gishirinsa da zafinsa da ƙarfin kanwarsa sun yi daidai da na tsohon tanki. Ko da lambobin tsohon tankin ba su ne mafi kyau ba, su za a bi, gyara ya zo daga baya sannu a hankali.

Ranar kanta, a fara zuƙe ruwa mai tsabta daga sama zuwa bokitai kafin a taɓa komai, domin da an ɗaga dutse ruwan zai gurɓace. A ciro murjani a sa a bokitan, kowane jinsi daban. Sai duwatsu, kuma kada a bar su su bushe, domin bakteriyar da ke riƙe da tankin a jikin dutse suke, ba su da yawa a cikin ruwa. Kifi ne na ƙarshe, lokacin da ruwa ya ja baya kuma ba su da maɓoya. Kowane bokitin kifi a sa masa abin hura iska da murfi, don kifin teku gwanin tsalle ne.

Tsohon yashi kuwa a bar shi. Ƙarƙashinsa akwai dattin shekaru da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce in ta tashi. A ɗebi kofi ɗaya daga samansa a yayyafa a kan sabon yashi don iri, shi ke nan.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi ran mutum. Wasu murjanai masu laushi, masu kama da maɓallan riga, suna ɗauke da dafi mai suna falitoksin, wanda yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. A sa safar hannu da tabarau in za a taɓa su, kada a kankare dutsen da suke kai a busasshe, kada kuma a zuba masa tafasasshen ruwa, domin dafin yana bin tururi ya shiga huhu. A 2018 an kai mutum 10 asibiti daga wani gida a yankin Oksfod, har da 'yan kwana-kwana da suka je ceto, bayan an goge dutsen tanki a cikin gidan.

Bayan ƙaura sai haƙuri. A rage hasken sabuwar fitila, a riƙa ƙara shi kaɗan kaɗan cikin makonni, domin murjanin da ya saba da wani haske yana ƙonewa in an ninka masa dare ɗaya. A rage abinci, a gwada amoniya kullum a makon farko. Kada a ƙara ko kifi ɗaya sai bayan wata guda, duk da cewa fili zai yi ta kiran mutum. Wanda za a ƙara ɗin ma sai an killace shi a wani tanki daban na makonni, domin in cutar farin ɗigo ta shiga babban tanki, maganinta na tagulla ne, ba ya shiga inda murjani yake. Dole a kwashe kifin duka a bar tankin ba kifi har kwana 76 kafin ƙwayar ta mutu. Bugu da ƙari, sabon dutse zai yi ƙasa-ƙasa, ya yi kore, tankin ya yi muni na wasu watanni. A lokacin ne mutane suke ruɗewa su yi ta zuba magunguna. Maganinsa sauya ruwa, da katantanwa masu cin gansakuka, da jira. Da ma an ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, to a wannan harka har romon muna sha.

KO ZA A IYA A GIDA?

Na san wani zai tambaya ko ana iya yin wannan a nan. Ana iyawa, amma abu biyu za su tsaya a gaba. Na farko wuta: in injin tura ruwa ya tsaya, iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, kifi su fara mutuwa. Sai da batir da hasken rana waɗanda ba sa yankewa. Na biyu zafi: a Ingila hita nake sa wa ruwa, a nan kuwa a watan Afrilu na'urar sanyaya ruwa ake bukata, ita kuma mai shan wuta ce. Sa'annan komai daga waje za a kawo, domin gaɓar tekunmu ba ta da tsaunukan murjani. Ruwan daɗi da laka da Kwara da sauran koguna suke zubarwa ba sa barin su su kafu. Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya fara da kifin ruwan daɗi na shekara guda. In ya riƙe su lafiya, ya koyi rabin karatun.

HAƘƘIN TEKU

Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinsunan halittun teku suna dogara da su. Ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da suka saba da shi a bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa ya sa su fari. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sa'annan a Afrilun 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta bayyana karo na huɗu. Wanda ya taɓa tsayawa da ma'aunin zafi a gaban tankinsa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Saboda haka mai kiwo yana da alhakin sanin inda dabbarsa ta fito. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa gubar sayanayid don kama kifi da rai, tana kashe murjanin da ke wurin. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Abin farin ciki shi ne, a wannan fanni ne aka fi samun ci gaba tun da na bari. Kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara, wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003, ana ƙyanƙyashe shi a tanki tun shekarun 1970, kuma yanzu yawancin na kasuwa haifaffun tanki ne. A 2015 aka yi nasarar ƙyanƙyashe rawayan kifin Hawai, a 2016 kuma shuɗin ɗan'uwansa a Jami'ar Fulorida. A 2013 masu bincike a gidan tarihi na Horniman a Landan suka sa murjani ya saki ƙwai a cikin tanki, ta hanyar kwaikwayon zafin yanayi da hasken wata. Murjanin da ke tankina kusan duka dashe ne daga tankunan wasu: a yanki reshe kamar ɗan yatsa, a manna shi a dutse, ya kama, kamar yadda ake dasa rogo.

KAMMALAWA

A taƙaice, 'yan'uwa, wanda ya bar wannan harka ya dawo zai tarar da fitila da injina sun fi na da nesa ba kusa ba, amma ba su rage ko kwana ɗaya daga lokacin da bakteriya ke bukata ba, ba su kuma koya wa murjani son gaggawa ba. Wanda zai sauya tanki ya shirya makonni, ya ƙaura cikin yini ɗaya, sa'annan ya naɗe hannu ya bar ruwa ya kwanta.

Ga malamanmu na kimiyya, ranku ya daɗe, gwajin nan na ɗiga ruwa ɗigo ɗigo har launi ya juya, wanda kuka tsaya a kanmu sai da muka iya, shi nake yi duk mako in auna kalsiyam da ƙarfin kanwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu.

Nan zan dasa aya. Mai tambaya ina nan har a tashi.